VeraCrypt: Kwadon da Na Samu Kyauta, Na Daina Kwana da Fargaba

Wata Laraba da hantsi laftof ɗina ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, fitila na ƙiftawa, amma fuska baƙi ƙirin. A cikinta kuwa akwai guminmu ni da mutane da yawa, domin sana'ata ke nan: ina zaune a Zabi, ina buga wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello kundin kammala digiri, ina kuma taya masu digiri na biyu da na uku tsara alƙaluman bincikensu. Na cusa ta a jaka, na tari keke zuwa cikin Sabon Gari, wurin wani matashi mai gyara da na daɗe da saninsa.

Bai ɓata lokaci ba. Ya kifa ta a kan tebur, ya kwance kusoshi, ya zaro faifan ajiyarta, wanda su ke kira had dis, abu bai kai tafin hannu ba. Ya zura shi a wani ɗan gida mai igiya, ya jona a tasa kwamfutar. Kafin in gyara zama a kan benci, sai ga foldodina sun jeru a gabansa da sunayensu. Ga hotunan sunan 'yata, iyalina suna cikin gida ba mayafi. Ga hoton takardun filinmu na gado. Ga takardar NIN ɗina da lambar BVN. Ga kuma foldar wata Hajiya ma'aikaciyar jinya, wadda ke ɗauke da sunayen matan da ta yi hira da su a bincikenta da irin larurar kowacce.

"Oga, kwantar da hankalinka," in ji shi, yana murmushi. "Kayanka duk suna nan."

Na ce, "To kalmar sirrin fa? Ai ban ba ka ba."

Ya ce, "Wannan ai ta ƙofar zaure ce, Oga. Mu ta bayan gida muka shigo."

Yaron nan mai amana ne, ya kwafe mini kayana ya miƙo mini, bai buɗe ko ɗaya ba. Amma a hanyar komawa gida jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru ina buga kalmar sirrin Windows kowace safiya, ina ganin na rufe ɗaki, ashe labule kawai na saki. Duk wanda ya ɗauke kwamfutar, ko ɓarawo ko mai tsintuwa, sukudireba ɗaya ta ishe shi ya karanta rayuwata da ta mutanen da suka ba ni amana.

Wani ƙanena da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Samaru shi ya fara ambata mini VeraCrypt. Ya ce, "Yaya, gwada wannan, ko sisi ba za ka biya ba." Na gwada. Yau ina gaya muku, cikin duk manhajojin da na taɓa ɗora wa kwamfuta, babu wadda ta shiga raina kamarta. Wallahi da ana yi wa manhaja kirari, da na ɗauko maroƙa.

Abin da take yi shi ne ɓad da kamar bayanai. Ba ta ɓoye fayil a wani lungu don kada a gan shi. Tana dama shi ne da lissafi har ya zama tarkacen lambobi marasa kai da gindi, kuma ba abin da zai mayar da shi yadda yake sai kalmar sirrinka. Ko an zaro faifan, ko an kai shi wata kwamfutar, ko an kai shi wata ƙasar, tarkacen nan za a gani. Lissafin da ta fi amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su suka ƙirƙiro shi, kuma a 2001 gwamnatin Amurka ta ɗauke shi ya zama ma'auninta. Makullinsa a VeraCrypt mai bit 256 ne. In aka rubuta adadin makullan da za su iya fitowa daga wannan, lamba ce mai gurabe 78. Biliyan ɗaya gurabe 10 kacal take da su. Ka zauna ka auna wannan tazarar! Irin kwadon da bankuna da gwamnatoci ke dogara da shi, ga shi a kan tsohuwar laftof ta hannu a Zabi, kuma kyauta.

Saka ta bai fi shan shayi wuya ba. Na sauke ta daga shafin masu ita, ba ta ci mini wata data ta a zo a gani ba, na danna, na bi matakai, ta zauna. A nan ina roƙon mai karatu abu ɗaya: kada ka karɓi wannan manhaja daga filashin wani ko daga wani shafin da ba ka san asalinsa ba. Wanda zai sayi kwado ba ya karɓa daga hannun baƙon da ya tsare shi a hanya.

Abin da na fara yi, kuma shi nake ba kowane sabon shiga shawara ya fara da shi, shi ne ƙirƙirar abin da ni nake kira adaka. Fayil ne guda ɗaya, kai za ka raɗa masa suna, kai za ka yanka masa girma. Na ba tawa gigabayit 20. Manhajar ta tambaye ni irin lissafin da nake so, na bar mata AES, ko da yake akwai Serpent da Twofish da Camellia, har ma kana iya haɗa uku a jere in kana son kwado a kan kwado. Ta tambaye ni ko zan ajiye fayil da ya wuce gigabayit 4, domin ta zaɓa mini tsarin da zai ɗauka. Sannan aka zo wurin da na fi so.

Sai ta ce in yi ta yawo da linzamin kwamfuta a cikin tagarta, yadda na ga dama, ba tsari. A ƙasa akwai wani ɗan layi da ke cika a hankali. Ya fara da ja. Ina ta murza linzami a kan tebur, hagu, dama, zagaye, kamar mai dama fura, layin ya koma ruwan ɗorawa, can sai ya zama kore. Abin da ke faruwa shi ne, tana tattara karkarwar hannuna da kwane-kwanen da na yi tana zubawa cikin abin da za ta ƙera makulli da shi, don kada ya zama abin da wani zai iya hasashe. Wato da hannuna aka ƙera makullin adakata. Babu wani mahaluki a duniya da zai sake maimaita wannan motsin daidai, ko ni kaina. Ranar sai da na kira uwargida ta zo ta gani.

Daga nan amfani da ita sauƙi ne da ita kamar me. Ka zaɓi harafi, a ce M, ka nuna mata adakar, ka buga kalmar sirri. Sai wani sabon faifai ya bayyana a kwamfutarka kamar ka jona filashi. Ka zuba fayiloli, ka buɗe Word, ka yi aikin SPSS, ka adana, duk kamar yadda ka saba. Tana ɓad da kamar komai a daidai lokacin da ake rubuta shi, tana warware shi a daidai lokacin da kake karantawa, ba ka ma san ana yi ba. Ka gama, ka rufe, faifan M ya ɓace, a bar fayil guda da ba ya buɗuwa da komai. Na yi tsammanin za ta sa kwamfutar nauyi, shiru kake ji. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera cikin shekaru goma sha da suka wuce an gina musu aikin AES a cikin ƙwaƙwalwarsu, shi ya sa ko ta hannu ce ba ta nishi.

Akwai ɗan jinkiri guda, na 'yan daƙiƙu, bayan ka buga kalmar sirri kafin adaka ta buɗe. Da farko na ɗauka rauni ne. Da na gane dalilinsa sai ya zama abin da nake jira da murna. Manhajar tana tuƙa kalmar da ka buga sau 500,000 kafin ta fitar da makulli daga cikinta. Kai mai gida, daƙiƙu kaɗan ka rasa. Amma wanda ya saci faifan yana son ya gwada kalmomi miliyan bisa miliyan da na'ura, kowace ɗaya sai ya biya wannan harajin. TrueCrypt, wadda VeraCrypt ta gada, sau 1,000 ko 2,000 take yi. Dubi irin wannan ƙarin! Duk sanda na ga tana wannan ɗan tunanin nata, ji nake kamar ƙarar sakata ce a ƙofar ƙarfe.

Wani abokina malamin makaranta ya taɓa ƙalubalantata a majalisarmu bayan Isha'i. Ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. To yaya za ka amince da kwadon da ɓarawo ya san cikinsa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ainihin abin da ya sa nake ƙaunar wannan abu. Tun 1883 wani masani mai suna Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da masu wannan ilimi ke bi har gobe: tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san duk yadda yake aiki, ba zai iya komai ba muddin makulli bai shiga hannunsa ba. Na ce wa abokina, in ka je kasuwar Samaru sayen masara, wa ka fi yarda da shi, wanda ya auna maka a gabanka da tiyar da kowa ke gani, ko wanda ya shiga ɗaki ya fito da buhu a ɗaure ya ce ka yarda da shi? Manhajar da aka rufe cikinta, sai dai ka ɗauki maganar kamfanin. Wannan kuwa a faifai take, duk mai ilimi ya zo ya duba.

Kuma an duba ɗin. A 2016 wata ƙungiya mai tallafa wa buɗaɗɗun manhajoji, OSTIF, ta ɗauki nauyin wani kamfanin tsaro na Faransa, Quarkslab, ya binciki VeraCrypt. Sun samu kurakurai, wasu ma manya. Ba a ɓoye ba, aka wallafa rahoton kowa ya gani, aka fitar da sabon zubi mai lamba 1.19 da ya toshe mafi yawansu. A 2020 hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus, BSI, ta sa cibiyar Fraunhofer ta sake yi mata wani binciken. Ni wannan ya fi burge ni fiye da a ce ba a taɓa samun ta da aibi ba. Wanda ya tsaya a bainar jama'a aka nuna masa kuskurensa ya gyara, shi ne abin riƙo.

Tarihinta ma abin a ba da labari ne. TrueCrypt ta fito a 2004, masu ita ba su taɓa bayyana kansu ba, ta yi suna a duniya. A 2008 'yan sandan Burazil suka kama fayafayan ajiyar wani attajiri mai banki, Daniel Dantas, waɗanda aka kulle da ita. Masanansu suka yi watanni suna fama, suka miƙa wa hukumar FBI ta Amurka, ita ma ta shafe kusan shekara guda, ba ta buɗe ba. Ba ina yabon mutumin ba ne, ƙarfin kwadon nake nuna muku. Kwatsam, a ranar 28 ga Mayu 2014, masu TrueCrypt suka sanar cewa sun daina, suka ce jama'a su nemi wata. Hankalin mutane da yawa ya tashi. Allah cikin ikonsa, tun 2013 wani masani da ke Faransa a lokacin, Mounir Idrassi, ya riga ya ɗauki tushenta ya fara gina VeraCrypt a kai yana ƙara mata ƙarfi. Da TrueCrypt a rufe take, da ranar da masu ita suka tafi ta mutu. Da yake a buɗe take, sai wani ya ɗauki tutar. Wannan bawan Allah ban san shi ba, bai san da zamana ba, amma yana cikin mutanen da nake yi wa fatan alheri.

Bayan wata biyu ina amfani da adaka, sai na yi ƙuru na kulle kwamfutar gaba ɗayanta, har da Windows ɗin. A nan ne na ga hankalin waɗanda suka tsara ta. Sai da ta sa na haɗa abin ceto, wanda ake ajiyewa a filashi daban saboda ranar da farkon faifan zai lalace. Sai da ta yi gwaji: ta sake kunna kwamfutar, ta nemi kalmar sirri tun kafin Windows ya motsa, ta tabbatar komai na tafiya, sannan ta yarda ta taɓa fayil ko ɗaya. Ta kuma gargaɗe ni ƙarara cewa in wuta ta yanke tana tsakiyar aiki ana iya asarar wani abu, don haka in kwafe kayana a wani wuri tukuna. Kai ka ce a unguwarmu aka rubuta gargaɗin. Kuma haka aka yi, tana kashi 40 da wani abu aka ɗauke wuta. Batirina na da ɗan saura, na danna mata ta dakata, na kashe kwamfutar. Da dare aka kawo wuta, na kunna, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na ce kai, madalla da wannan aiki!

Ga wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman. Kalmar sirrin da ake bugawa kafin Windows ya tashi, da tsarin allon rubutu na Amurka ake buga ta, saboda haka kada ka sa haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Amma Hausar kanta taska ce. Manhajar za ta ja kunnenka in kalmarka ba ta kai haruffa 20 ba, kuma gaskiyarta ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jera kalmomi shida ko bakwai da ba su da dangantaka da juna, irin su tsani, gauta, hazo, kilishi, ka cakuɗa da lambobi. Ban da sunan ɗanka, ban da lambar wayarka, ban da shekarar haihuwa, ban da karin maganar da kowa ya haddace. Kwado ko na ƙarfen jirgi ne, in ka rataye makullin a jikin ƙofa, aikin banza ka yi.

Ranar da na san na ci riba ita ce ranar da filashina ya faɗi. Tsakanin Kwangila da Samaru ne, a cikin keke, ina jin sanda na zaro kuɗin mota ya bi hannuna. A cikinsa akwai babi huɗu na aikin Hajiyar nan, da jerin sunayen matan. Da a da ne, da ban runtsa ba, da kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. Amma filashin gaba ɗayansa a kulle yake. Wanda ya tsince shi, in ya jona a Windows, abin da kawai zai gani shi ne saƙon da ke cewa sai an goge shi kafin a yi amfani da shi. Zai goge, ya zuba waƙoƙinsa, Allah ya amfana masa. Na kira ta na ce, "Hajiya, filashi ya ɓata, amma ko harafi ɗaya ba mai iya karantawa, kuma ina da kwafi a gida." Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Gobe ka saka mini abin nan a tawa." Kuɗin filashi kawai na yi asara. Af, wannan saƙon na gogewa kai ma mai shi za ka riƙa ganinsa duk sanda ka jona. Kada hannunka ya yi saurin cewa to.

Batun ma ya wuce son rai. A watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ka tuna yawan laftof da ke yawo a jakunkuna tsakanin Samaru da Kongo da Shika: sakamakon jarabawar ɗalibai, bayanan marasa lafiya, takardun shari'a, lissafin 'yan kasuwa. Ka tuna masu shagunan buga takardu da cike fom, waɗanda kwamfutocinsu ke cike da hotunan fasfo da lambobin NIN na mutane. Mu da aka raine mu da cewa rufin asirin ɗan'uwa ibada ne, ai mu ya fi kamata mu riga kowa rungumar wannan.

Akwai wata dabara a cikinta da har yau take ba ni mamaki: adaka a cikin adaka. Kana iya gina ɓoyayyar ma'ajiya a cikin sararin da ya rage na ta farko, kowacce da kalmar sirrinta. Ka buga ta farko, ta waje ta buɗe. Ka buga ta biyu, ta ciki ta buɗe. Da yake sararin da ba komai a cikinsa da wanda ke ɗauke da ɓoyayyar duk kamarsu ɗaya, tarkacen lambobi, mai kallo ba ya bambancewa. An yi ta ne saboda wanda za a tsare a tilasta masa buɗewa. Tana son kulawa, domin in ka yi ta zuba kaya a ta waje ba tare da ka kunna kariyar ta ciki ba, kana iya danne ta. Ni ban cika buƙatarta ba, amma hikimar ta isa a cire mata hula.

Gaskiya ɗaya ce dole in faɗa da babbar murya, kuma ita ma a wurina yabo ce: in ka manta kalmar sirrinka, shi ke nan. Babu lambar da za ka kira, babu ofishin da za ka je, ko Idrassi da kansa ba zai iya buɗe maka ba. Ƙofar bayan da za a buɗe maka ita ce wadda ɓarawo zai bi, shi ya sa ba a yi ta ba. Ni na rubuta tawa a takarda, na liƙe a ambulan, na ajiye tare da takardun gida, na kuma sanar da mutum ɗaya da na amince da shi, saboda rai ba a bakin komai yake ba, kada magada su rasa hanyar takardunsu. Haka nan, kulle ba ya hana faifai mutuwa, sai ka riƙa kwafar adakarka a wani wuri. Kuma sanda take a buɗe, a buɗe take. In za ka tashi sallah ka rufe, in za ka yi tafiya ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, kada ka rufe murfi kawai.

Na san akwai BitLocker a wasu nau'o'in Windows, masu Linux kuma suna da LUKS, wanda Ubuntu ke tayin kunna maka tun wurin sakawa, kuma duk sun fi zama haka nan. Amma adakar VeraCrypt ɗaya tana buɗuwa a Windows, tana buɗuwa a Mac, tana buɗuwa a Linux, makullinta kuma yana hannuna ni kaɗai. A wurina ba ta da na biyu.

Buri ɗaya ya rage mini. Na duba jerin harsunan da ke cikinta, na ga Larabci, na ga Faransanci, na ga Jamusanci, ban ga Hausa ba. Masu sa kai ne ke yin waɗannan fassarori, kuma ƙofa a buɗe take. Ƙannena na sashen kimiyyar kwamfuta da na Sashen Harsuna da Al'adun Afirka, harabarku ɗaya a Samaru, don Allah ku haɗa kai ku sa mana ita a harshenmu. Kai kuma mai karatu, nemo tsohon filashin da ba ka damu da shi ba, ka sauke VeraCrypt yau da dare, ka ƙera 'yar ƙaramar adaka ta gwaji, ka murza linzamin nan har layin ya zama kore.